Kura a Wurin Koyon Wanzanci

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha.

Kura ce tsufa ya zubar wa haƙora, farauta ta gagara, sai ta tafi koyon wanzanci wurin Dila. Dila ya yi ta koya mata ƙaho har bakinsa ya gaji: "Ki zuƙa sau ɗaya, ki toshe, ki ja baya."

Ran nan Rago ya zo da ciwon baya. Kura ta kafa ƙaho, ta zuƙa, ta lumshe ido, ta ƙara.

Dila ya ce, "Ke! Sau nawa na ce?"

"Maigida, dubawa nake ko ya kama."

Rago ya ji ana lasar bayansa, ya arce da ƙaho a jiki.

Dila ya dafe kai. "Tashi ki ba ni wuri! Haƙoran ne suka tuba, harshen yana nan."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.