Maigidan da Ya Hana Wuta a Ɗakin Mahaifiyarsa

Akwai wani maigida a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, inda ɗari yake sauka da ƙarfi a ƙarshen shekara. Shi ne autan mahaifiyarsa, shi kaɗai kuma ya rage mata a gida, gama aure da neman abinci sun kai sauran 'ya'yanta nesa. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah. Ba ya fashin sujada, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga wa tsohuwar murya ba.

Tsohuwar tana zaune a wani ɗan ɗakin ƙasa mai jinka, wanda marigayi mijinta ya gina mata tun tana amarya. Al'adar garin kuwa ita ce, da an gama girbi sanyi ya fara leƙowa, sai a jawo babban gungume a sa a tsakiyar ɗakin tsohuwar gida, a hura masa wuta. Wutar nan ba ta mutuwa sai ɗari ya wuce. Da rana a rufe ta da toka, da sassafe a tone ta, hayaƙi ya bi ta jinka ya fita abinsa. Duk matar da wutarta ta mutu a unguwa, can za ta nufa da ɗan tsingaro ta ɗebo garwashi. Amma ba a ɗiban wuta a tsaye. Dole mutum ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya miƙa tafin hannu ya ji ɗumi, a tambaye shi gida da yara, sa'an nan ya tashi.

Saboda haka ɗakin tsohuwar nan ba ya rabuwa da mutane. Jikoki su binne dankali a toka suna gardamar na wane ne ya fara nuna. Kunun tsamiya yana gefen wuta don kada ya huce. Ga ɗan kasko na man kaɗanya yana narkewa a hankali, surukarta kuwa, wato matar maigidan, takan zauna ta shafa mata shi a ƙafa saboda faso. Ɗakin ƙarami ne, bangonsa ya yi baƙi ƙirin, kome na ciki yana warin hayaƙi. Tsohuwar kuwa tana tsakiya, tana faɗa, tana dariya, tana raba dankali.

Maigidan dai abin yana damunsa. Duk lokacin da baƙi suka zo gaishe ta suka sunkuya suka shiga, sai kunya ta kama shi. Yakan ce a ransa, “Wadda ta haife ni tana kwana cikin toka, ni kuwa ina da hali?”

Wata shekara Allah ya sa wa gonarsa albarka ƙwarai. Sai ya gina mata sabon ɗaki a can gefen gida, nesa da hayaniyar yara: bangon siminti, rufin kwano, farin fenti, taga mai gilashi da labule. Ya sa gado da katifa, ya sayo bargo mai kauri daga birni. Tsohon ɗakin kuwa aka mai da shi wurin ajiye buhunan hatsi.

Ranar da aka kai ta, tsohuwar ta tsaya a tsakar ɗakin da sandarta, ta duba sama, ta duba ƙasa.

Ta ce, “Auta, ina za a sa gungumen?”

Ya ce, “Mama, kin gama da hayaƙi. Wannan ɗaki ba kamar wancan ba ne, ba shi da inda hayaƙi zai fita. Garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane. Ga shi kuma zai ɓata bango. Ga bargo nan, taɓa ki ji.”

Ta taɓa. Ta ce, “Yana da laushi. Allah ya yi maka albarka.”

Ɗari ya sauka. Kwano ya sha sanyin dare ya zubo shi ƙasa, siminti ya riƙe shi kamar randa. Matan unguwa suka zo sau ɗaya suka ga ɗaki suka yaba, daga nan ba su da abin ɗiba, sai suka koma wani gida neman wuta. Jikoki aka hana su shiga da ƙafafunsu masu ƙasa. Man kaɗanya ya daskare a kaskonsa. Kunun da ake kai mata yakan huce kafin ta kai rabi. Surukar tana da girki a can ɗaya gefen gidan, sai ta riƙa ajiye ƙwarya ta koma bakin murhu. Maigidan kuma kullum da safe ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta.

“Mama, ina kwana? Yaya sanyi?”

“Lafiya lau, Auta. Sanyi lokacinsa ne.”

Ya wuce gona zuciyarsa a kwance.

Amma tsohuwar ta fara ramewa. Tari ya kama ta. Maganarta ta ragu, faɗan ma da aka san ta da shi ta daina. Wata rana matarsa ta ce masa, “Maigida, yau ma Mama ba ta taɓa kununta ba. Ni dai yadda take kallon bango ba ya yi mini daɗi.” Sai ya sayo bargo na biyu, da rigar sanyi, da safa. Da bai ga canji ba ya kai ta asibiti. Aka auna ta, aka ba ta maganin tari, aka ce tsufa ne da sanyi, a riƙa kula da ita. Ya dawo ya ƙara bargo na uku. Tsoro ya fara shigarsa, gama ya san tsofaffi da yawa a garin waɗanda ɗari ya kwantar, ba su kuwa tashi ba. Ya yi ta addu'a yana cewa, “Ya Ubangiji, me na rage?”

Wata safiya mai tsananin sanyi ya zo gaisuwa, ba a amsa ba. Ya tura ƙofa. Gado ba kowa, barguna a ninke, sandarta ba ta nan. Ya duba bayan gida, ya duba bakin rijiya, ya fita waje yana tambaya. Wata mata mai ɗauke da itace ta ce ta ga wata tsohuwa tana bin katanga a hankali, ta nufi gidan Gwaggo Rifkatu. Ita Gwaggo Rifkatu gwauruwa ce, ƙawar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata, ba ta da kome a duniya sai ɗaki ɗaya da kaji.

Tun daga ƙofar gida ya ji dariyar da ya daɗe bai ji ba.

Gwaggo Rifkatu ta leƙo ta ce, “A'a, ga mai farin ɗaki! Shigo, Auta, sai dai ka sunkuya, ƙofarmu ba ta saba da manya ba.”

“Gwaggo, ina kwana? Mama tana nan?”

“Tana nan, ba mu cinye ta ba. Ita ce dai take neman cinye ni. Dankalina biyu ta lashe, wadda aka ce wai ba ta cin abinci.”

Ya sunkuya ya shiga. Ga mahaifiyarsa a kan 'yar kujera, ta miƙe ƙafafu wajen gungume, toka a yatsunta. Ta ga shi, sai dariyar ta tsaya, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi.

Ya ce, “Haba Mama! Cikin wannan sanyi? Da kin faɗi a hanya fa? Me na rage ki da shi?”

“Ba ka rage ni da kome ba.”

“In bargon ne bai isa ba, ai sai ki faɗa a ƙaro.”

Ya kama hannunta don ya tashe ta. Sai ya ji hannun da ɗumi, amma ba nauyi ko kaɗan, kamar karan dawa. A nan ya tuna rabonsa da taɓa hannun nan tun ranar da ya kai ta sabon ɗaki.

Tsohuwar ta ce, “Ɗana, bargo ba ya kawo ɗumi. Wanda yake jikin mutum shi yake tsarewa. Ni kuwa nawa ya ƙare. Ko goma ka jibga mini, sanyina za su rufe.”

Sai ya ce, “To, me ya hana ki faɗa mini?”

“Na ga wahalar da ka sha. Na ga yadda kake duban bangon nan in baƙi sun zo. Da wane baki zan faɗa?”

Maigidan ya saki hannunta ya fita. Ya koma gida ya kira matarsa, suka shiga kwashe buhunan hatsi daga tsohon ɗakin suna kaiwa sabon. Maƙwabta suka tsaya a bakin katanga suna kallo. Wani ya ce, “Yau dawa ta sami ɗaki mai labule!” Aka yi dariya. Ya ji, bai ɗaga kai ba. Ya share ɗakin, ya toshe inda iska take shigowa ta ƙasan ƙofa, ya kafa zana ta wajen gabas, ya mai da gado da barguna. Ya jawo gungume da kansa. Sa'an nan ya ɗauki tsingaro ya koma gidan gwauruwar, ya miƙa mata daga bakin ƙofa.

Gwaggo Rifkatu ta ce, “Kai, wa ya rene ka? A tsaye ake ɗiban wuta?”

Sai babban mutumin nan ya durƙusa a cikin toka a gaban tsofaffin biyu, ya gaishe su, ya miƙa hannu ya ji ɗumi. Ya ce, “Mama, ki gafarta mini. Ki zo mu tafi gida.”

Kafin mako ya zagayo, mata sun dawo da tsingaronsu, jikoki sun dawo da gardamarsu. Maigidan ya daina gaisuwa daga bakin ƙofa. Yakan shiga ya zauna ya sha kununsa tare da ita, wani lokaci shi da kansa yake shafa mata mai a ƙafa, tana ce masa hannunsa ya cika kaushi. Tarin bai rabu da ita duka ba, ƙarfinta ma bai dawo kamar dā ba, gama sanyin farko ya riga ya ci jikinta. Amma ta ga ƙarshen ɗarin nan, ta ga bazara, ta ji ƙanshin ruwan farko. A lokacin shuka Ubangiji ya kira ta, ɗakin cike da mutane.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: maigidan nan mu ne, mu da muke ƙaunar namu da gaske, amma muke ba su abin da zai faranta mana rai mu gani, ba mu tsaya mun tambaye su abin da suke bukata ba. Ba mugu ba ne. Tsoronsa ma na garwashi a rufaffen ɗaki gaskiya ne, ina kuwa roƙonku kada kowa ya kwana da kaskon wuta a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Kuskurensa shi ne, da ya ɗauke wutar, bai lura da abin da ya ɗauke tare da ita ba: ƙafafun da suke zuwa, hannun da yake shafa mai, bakin da yake tambaya.

Bargo shi ne kyautar da muke aikawa daga nesa. Tana da kyau, kada a daina. Amma tana amfanar mai sauran ƙarfi ne. Akwai wanda tsufa, ko ciwo, ko rashin miji, ko kaɗaici ya ƙarar masa da ɗumin zuciya. Irin wannan, sai wani ya kawo masa nasa. Haka Allah ya yi mana. Bai tsaya a bakin ƙofa ya gaishe mu ba. Ya aiko Ɗansa ya sunkuya ya shigo ƙaramin ɗakinmu, ya zauna tare da mu, abin da muke tunawa ke nan kowace Kirsimeti, a tsakiyar ɗari.

Abubuwan da suke riƙe rai a lokacin sanyi ƙanana ne. Ruwan ɗumi na wanke fuska. Kunu mai citta da aka kawo da zafinsa, aka kuma zauna har aka shanye. Mai a ƙafar da ta tsage. Kujera a inda hantsi yake faɗowa. Yara, ko mai ƙaramin ƙarfi a cikinku zai iya ɗaya daga cikin waɗannan. Manya kuma, ku lura: waɗanda suka rene mu ba za su yi ƙorafi ba. Za su ce lafiya lau, su sa mana albarka, don kada su ɓata mana rai.

Saboda haka in an tashi daga sujada yau, kowa ya tuna da mutum ɗaya, a gidansa ko a unguwarsa, wanda ya daɗe yana gaisarwa daga nesa. Ka je, ka shiga, ka zauna, ka kama hannunsa ka ji yadda yake. Kada ka ce sai an sami sarari. Ɗari zai wuce kamar yadda ya saba kowace shekara, amma ba kowane tsoho ne zai ga wucewarsa ba.