Ƙwaryar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku! Ku amsa a hankali.

Zaki zai naɗa malamin daji. Ya ce duk wanda aka ambaci iliminsa, a jefa masa tsakuwa a ƙwarya. Bushiya ta shekara bakwai tana binciken tafkuna, amma irina ce, komai sai raɗa. Aku kuwa in ya tsinci zance, shela yake yi.

Ranar ƙirga, ƙwaryar Aku ta cika, ta Bushiya kuwa wayam.

Bushiya ta ce, "Baba Kunkuru, wa ya nuna maka tafkin da ba ya ƙafewa?"

"Ke ce, 'yar nan."

"To ina tsakuwata?"

"Ai rantsar da ni kika yi kar in faɗa. Na riƙe amana!"

Aka naɗa Aku. Bushiya ta dunƙule don kunya.

Ƙurunƙus kan ɓera, ba kaina ba.