Sagiru a Saman Tankin Ruwa

"Malam Haladu, ka ji tsoron Allah! Da ban gan shi ba, wa za ka ceta?"

"Gani, Malama Ladidi? Ai hankaka ma ya gan shi!"

Malama Saude na zaune a kusurwar ofishin Hedimasta, washegarin faruwar abin, tana sauraron gardamarsu. Ga abin da ya haɗa su.

A makarantarsu ta firamare akwai wani yaro, Sagiru, ɗan shekara tara. Ba ya iya zaman minti biyar, kuma in ka ce masa zauna, to ka tashe shi ke nan. Da aka kira bitar kwana uku a birni kan koyar da irin waɗannan yara, Hedimasta ya ce ba zai bar aji uku babu malami ba. Sai ya raba wa malaman nan uku: kowa ya je rana ɗaya. Haka suka dawo, kowa da sulusin ilimi.

Ran Laraba da hantsi hadari ya haɗo daga gabas. Malama Ladidi ce ta je ranar farko, aka koya musu lura da alamun da ke zuwa kafin yaro ya birkice. Ta san in Sagiru ya fara tauna wuyan rigarsa, wuri mai tsawo zai nema. Ta ga ya tauna tun safe, bayan ƙarfe tara ta ga bencinsa wayam. Ba ta leƙa bayan gida ba, ba ta je wajen mai awara ba, kai tsaye ta ɗaga ido sama. Ga shi can a tsanin tsohon tankin ruwa, ƙarfen da tsatsa ta cinye. Ita ce kuma ta hango mataki na bakwai daga ƙasa ya rabu da gefensa, yana lilo, ta nuna wa Saude.

Kafin ka ce me, yara ɗari biyu sun kewaye tankin suna ihu. Hedimasta ya fito da dorina yana kumbura wuya: "Kai! Sauko! Na ce sauko, don ƙaniyarka!" Duk "sauko" ɗaya, Sagiru ya ƙara mataki ɗaya. Sai da ya kai ƙoli, ya saki hannu guda yana yi wa jama'a gwalo, iska tana kaɗa tankin yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Malam Haladu rana ta biyu ya je, inda aka ce yaron da ke taurin kai a gaban taro ba zai sauko ba sai taron ya watse. Ya kama dorinar a hannun mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ka shiga ofis." Ya kora yara aji aji, ya rufe tagogi. Filin ya yi tsit, sai kukan ƙarfe.

Saura Saude, ita kaɗai a gindin tanki, yayyafi ya fara jiƙa tsanin. Ita ce ta je rana ta uku, inda aka ce musu kada a ba irinsa umarni, a ba shi zaɓi. Kalma ɗaya ce ke cin harshenta, "sauko", ita ce kuma za ta kashe shi.

"Sagiru," ta ce, kamar mai tambayar farashin tumatir, "da ƙafar dama za ka fara, ko da hagu?"

"Babu ko ɗaya!"

Aka yi tsawa. Ta ga ya ƙanƙame tsanin da hannu biyu, ta gane shi ma tsoron ya kama shi.

"To matakan nan, kai za ka ƙirga su ko ni?"

"Ke ba ki iya ba."

Ya fara saukowa yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya kusa matakin da Ladidi ta nuna mata. In ta ce kada ya taka, zai taka. In ta yi shiru, zai taka.

"Wanda ke ƙarƙashin ƙafarka ya karye," ta ce. "Ka fi ni sanin yadda za ka yi da shi."

Ƙafar ta tsaya a iska. Ya taɓa ƙarfen da ɗan yatsan ƙafa, ƙarfen ya ɓalle ya faɗo gaban Saude. Yaron ya rataye da hannu biyu, ya lalubo na ƙasa, ya sauko.

Washegari mahaifinsa, Alhaji Buhari mai gyaran famfo, ya zo ya rantse cewa ɗansa ya gama da boko, sai dai in an danƙa shi a hannun wanda ya cece shi, mutum ɗaya, har ya gama aji shida. Shi ne rigimar, don kowannensu yana son yaron. Da gardama ta ƙi ƙarewa, Hedimasta ya sa aka kira Sagiru, ya tambaye shi wa ya zaɓa. Yaron ya dubi su ukun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "A sa ni ajin mai gadi. Shi yana da akuya."



To jama'a, uban yana bakin ƙofa yana jira. Tsakanin wadda ta gano shi, da wanda ya watsa taron, da wadda ta sauko da shi, hannun wa za ku danƙa Sagiru?