Teku Ta Ɓaci

An yi wani mutum a nan Lautoka, ba zan faɗi sunansa ba, don Allah yana son rufin asiri. Ɗan kwangila ne, yana da hannu da shuni, kuma shi ne babba a ɗakinsu. Mahaifiyarsu, Jaitun Bi, tana zaune a garin Ba, a gidan da mijinta ya bar mata.

Tsohuwar nan burinta ɗaya ne a duniya. A wani ɗan tsibiri can cikin tsibiran Yasawa aka haife ta, lokacin da ubanta yake riƙe da kanti a ƙauyen. A can uwarta ta rasu, a can kabarinta yake. Tun da aka fito da ita tana yarinya ba ta sake taka wurin ba. Abin da take so shi ne ta tsaya a kan kabarin nan ta yi addu'a kafin ta koma ga Allah, kuma jikokinta su ga inda ta fito.

Ɗan ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya ce zai ɗauki hayar jirgin ruwa na shaƙatawa, mai ɗakunan kwana da matuƙi da mai dafa abinci, a kwashi kowa da kowa, daga kaka har jikoki. Ya buga wa ƙanwarsa Shamshad waya a Okland, ya buga wa ƙaninsa a Sidni, ya ce kowa ya nemi hutu, wataƙila wannan ce tafiyar Ammi ta ƙarshe. Haka suke kiran uwar, Ammi. Wa zai ji wannan ya ce ba zai zo ba?

Ita kuwa tsohuwa sai murna ta hana ta zama. Ta ɗinka sababbin kaya, ta cika kwalba da acar, wato mangwaro da aka tsuma da yaji da mai, don ƙawarta ta yarinta, Salanieta, wadda har yanzu take tsibirin. Ta ɗaure bakin kwalbar da ƙyallen tsohon mayafinta. Jakar tafiyarta tana bakin ƙofa tun tafiya da sauran wata guda. Maƙwabta suna tsokanarta, wai amarya ma ba ta yi wannan ɗoki ba, ita kuma tana dariya tana cewa su bari dai su ga ɗanta.

Ya 'yan uwa, zuwa nan ai lada ake tarawa. To ku ji inda Shaiɗan ya samu ƙofa.

Akwai wani attajiri mai otal-otal, daga Birisben, wanda mutumin nan ya daɗe yana neman aikin gini a wurinsa. Suna cin abinci ya yi masa fariyar tafiyar. Attajiri ya ce kai, shi da matarsa sun daɗe suna sha'awar irin wannan. Bakin mutumin ya riga hankalinsa, ya ce ai akwai wuri. Alhali ɗakunan jirgi ƙidayayyu ne, kuma babban ɗakin, mai banɗaki a ciki, na Ammi ne saboda gwiwoyinta.

Ya zauna yana auna abin. Tsohuwa za ta yi ta alwala tana jiƙa ƙasa, tana warin man zafi, tana ci da hannu a gaban baƙi. Ya ce wa kansa tsibiri ba gudu zai yi ba, baɗi ma rana ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma shi a lokacin dabara ya gani.

Ya tafi Ba ya ce wa uwarsa teku ta ɓaci, masu jirgi sun ɗaga tafiya, su Shamshad ma sun sake ranar zuwa. Ya karɓi 'yar wayarta wai zai kai gyara. Tsohuwa ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta sa masa albarka don yana kula da lafiyarta. Albarka fa ta sa masa, jama'a.

'Yan uwa kuwa daga filin jirgin sama ya wuce da su tashar jirgin ruwa ta Denarau. A can ya ce musu jinin Ammi ya hau, likita ya hana ta tafiya, kuma ta haɗa su da Allah kada su fasa saboda ita. Shamshad ta ce ita sai ta je Ba ta gan ta. Ya ce matuƙi ba zai jira ba, kuma in ta je ta karya rantsuwar uwa. Ta shiga jirgi tana share hawaye.

Suka yi kwanaki suna yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, don attajiri yana son iyo da kamun kifi. Mutumin yana ta hidima da baƙonsa, yana jin ya ci riba biyu. Da son ransa ne ma ba za a je tsibirin Ammi ba, sai dai Shamshad ta kafe sai an je an yi addu'a a kabarin kakarsu.

Kun san ba a sauke anga a gaban ƙauye sai an kai sevusevu, wato kyautar gaisuwa da neman izini wurin dattijon gari. Suka shiga zauren ƙauye suka zauna a tabarma. Shi ne babba, shi ya ajiye ƙunshin saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taro, a gaban dattijon gari. Ya ce su 'ya'yan Jaitun ne, 'yar mai kanti, ita rashin lafiya ta hana ta zuwa.

Sai wata tsohuwa ta ɗago kai daga cikin mata. Salanieta ce. Ta ce wace rashin lafiya? Ai jikanta yana aiki a jirgin fasinja, kuma Jaitun da ƙafarta ta shigo mota daga Ba har tasha, ta damƙa masa saƙo. Salanieta ta aika aka ɗauko. Kwalbar acar ce, da ƙyallen mayafin a bakinta. Ta ce Jaitun ta ce a gaya mata ɗanta ya ce teku ta ɓaci an ɗaga tafiya, ga wannan ta fara ci kafin ta zo.

Shamshad ta san mayafin nan tun tana goye. Ta dubi kwalbar, ta dubi wanta.

"Bhaiya," ta ce, don haka take kiran wanta, "a ɗakin Ammi baƙonka yake kwana?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dattijon gari bai tafa hannu ba kamar yadda ake yi in an karɓi baƙo, bai taɓa saiwar don karɓa ba. Ya sa yatsa ya tura ta baya a hankali.

"An binne cibiyar Jaitun a gindin kwakwar can," ya ce. "Ta dalilinta muka san ku. Sauran su je kabari, kai ka koma ka zo da ita."

Ƙanne da 'ya'yansu suka kwashe kayansu suka bi jirgin fasinja. Matarsa da 'ya'yansa ma suka bi su, babbar 'yarsa ko kallonsa ba ta yi ba. Attajiri ya ce a sauke shi a otal mafi kusa. Ya ce wanda ya yi wa uwarsa haka, me zai hana ya ha'ince shi a harsashin gini? Labari ya zaga gari, aiki ya daina zuwa. Amma wannan duk ƙaramin abu ne.

Da ya isa Ba ya tarar babu jaka a bakin ƙofa. Ya faɗi a ƙafafun uwarsa yana kuka. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, har ta sa aka kawo masa shayi. Ya ce zai ɗauki wani jirgin, ita kaɗai, gobe ma in tana so.

"A'a ɗana," ta ce. "Teku ta ɓaci."

Ya dawo bayan mako, ya dawo bayan wata, ya turo limami, ya turo dattawa. Amsar ba ta sake ba. Kafin shekara ta zagayo shanyewar jiki ta kama ta, harshe ya ɗauke. Ya zauna a gefen gadonta yana roƙon ta ko da kai ta nuna ta yafe, ita kuwa bango take kallo. A haka ta cika. Ba ta ga kabarin uwarta ba, shi kuma bai ji "na yafe" ba.

Ya 'yan uwa, Allah ya hana mu ce wa iyaye ko "tir". To ina ga wanda ya yi ƙarya da sunan uwarsa, ya tara dangi da burinta, sannan ya ba baƙo gadonta? Dukiya tana tafiya ta dawo, jirgi in ya wuce wani yana zuwa. Uwa fa? Wanda tasa take raye ya tashi daga nan ya je ya gaishe ta yau, ya cika mata abin da ya ɗauka, kada ya ce baɗi.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa su rabu da mu suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wadda ta haife mu. Amin.