Saƙonnin da Manhajar Badaru Ta Goge

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ba ya korar mai roƙo don harshensa ya karkace.

Akwai wani masanin kwamfuta a Tsanyawa mai suna Badaru. A shekarun da taki ya gagari talaka, ƙungiyar manoman yankin ta sami buhuna kaɗan, aka ce kowane gida ya nema ta imel. Badaru ya rubuta manhajar da za ta karanta saƙonnin ta fitar da sunaye. Sharaɗinsa: layin farko suna, na biyu ƙauye, na uku girman gona. Saƙon da ya saɓa, ta goge shi ba tare da sanar da kowa ba.

Malam Khalilu, dattijon ƙungiyar, ya tunatar da shi cewa mutanenmu ba sa fara wasiƙa sai da bisimilla da gaisuwa. Ya roƙe shi ya ware wa irin waɗannan saƙonni wuri, mutum ya duba su da ido.

Badaru ya yi murmushi. "Malam, na'ura ba ta amsa sallama. Wanda bai iya bin tsari ba, ya koma makaranta."

Ruwa ya sauka, aka raba taki. Gidaje arba'in da ɗaya ba sa cikin jerin.

Ranar kasuwa Badaru ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Kaltume, a bakin gonarta, dawa ta yi rawaya ko gwiwa ba ta kai ba. Ta ce ta je shagon kwamfuta da ƙafarta, ta sa aka rubuta mata saƙon neman taki, aka fara da sunan Allah, sannan addu'a ga ɗanta, sannan buƙatarta.

"Wanda ya jefar da takardata, da ya ce in sake, ai da na sake. Na bar shi da Allah."

Ba ta san wa take nufi ba. Badaru ya sani.

A ranar ya gyara manhajar. Amma damina ba ta jira shi ba, kuma abin da aka goge bai dawo ba.

Darasi: Saƙon da ya zo a karkace amana ce. A karanta abin da ya karantu, a adana sauran, a sanar da mai shi. Gogewa a ɓoye zalunci ne, ko da na'ura aka sa ta yi. Ku isar da wannan ga 'ya'yanku masu wannan sana'a. Allah ya gafarta wa marubuci da mai karatu, ya sa albarka a gonakinmu. Amin.