Gizo Ya Zuba wa Teku Magimfa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari na bakin teku an yi wata tsohuwa mai ƙyafe kifi, sunanta Tabawa. Masuntan garin ba sa jefa taru sai inda suka hango tsuntsayen teku na shawagi, don su ne ke nuna musu kifi. Tsuntsayen kuwa ba a taɓa ganinsu a tudu ba.

Wata safiya Tabawa ta fito neman itace, sai ga tsuntsu yashe a kan yashi, baki buɗe. Ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ɗan nan, me ya fito da kai?"

"Yunwa, Inna. Ruwa ya yi ɗaci, kifi ya gudu."

Washegari tsuntsayen suka ƙaru a kan yashi. Da gari ya sake wayewa, babu wurin sa ƙafa. Tabawa ta ɗora hannu a ka, ta bi gaɓa tana salati, har ta iske Gizo, baƙon da ya sauka kwanan nan, yana daka ganye a turmi yana juyewa a ruwa.

"Kai! Me kake zubawa?"

"Magimfa ce, Inna. A garinmu haka muke wa kududdufi, kifi ya bugu ya taso, mu kwashe."

"Teku kududdufin ubanka ce?"

Ta ja shi har gaban Sarkin Ruwa, shugaban masunta. Gizo ya faɗi ya ce a yi haƙuri.

Sarkin Ruwa ya ce, "Baƙo ne, Tabawa, ya kuma ba da haƙuri."

"Ranka ya daɗe, tsuntsu zai ci haƙuri ya tashi? In suka ƙare, wa zai nuna wa 'ya'yanka kifi? Gizo ya ciyar da tsuntsayen da guzurinsa, ya goya kowanne ya kai shi inda ruwa ke da daɗi!"

Sarkin Ruwa ya yarda, aka ɗaura wa Gizo igiya a ƙugu, Tabawa ta riƙe, ya shiga ciyar da tsuntsaye da goyonsu. Ya ce ya gaji, ta ja. Ya ce cikinsa na ciwo, ta ja. Ya kwanta kamar matacce, ta fizga har ya yi ƙara ya miƙe. Wasu tsuntsayen sun riga sun mutu, aka binne su. Sauran suka tashi. Tun ran nan ƙugun Gizo ya tsuke.

Ku ji da kyau: wanda ya yi ɓarna, ba da baki zai biya ba, sai ya gyara da hannunsa.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya naɗe tabarmarsa.