Gurmin Nomau

Ku gyara zama, tunda kun dame ni sai na ba ku labarin zamanin da nake manaja. Amma ku kasa kunne da kyau, domin akwai shari'a a ƙarshensa, kuma ni ta fi ƙarfina.

Shekara ashirin da shida na yi ina riƙe da ƙungiyar Nomau mai gurmi a ƙasar Malumfashi. Ban iya kiɗa ba, ban iya waƙa ba, in na buɗe baki da niyyar amshi har awaki watsewa suke yi. Aikina shi ne in samo wurin wasa, in nemo mota, in aro lasifika, in kuma tsaya kai da fata sai an ba mutanena tuwo kafin su taɓa kayan kiɗa. Su huɗu ne. Nomau shi ne jagora, shi ke kaɗa gurmi yana rera waƙa. Jatau ke riƙe da kalangu, Kallamu ke amshi, sai Tabawa zabiya, wadda taubashiyar Nomau ce, bakinta kuwa ko reza albarka.

Sau uku ina zuwa Kano wurin masu kamfanin kaset. Na farko ya ce gurmi kiɗan ƙauye ne. Na biyu ya ce mu dawo bayan Salla, har yau bai faɗi wace Salla ba. Na uku ya ce yana son Nomau shi kaɗai, zai haɗa shi da mai fiyano. Nomau ya ji, ya tambaye ni ƙarfe nawa motar gida take tashi. Haka muka ƙare, babu kaset ɗinmu ko ɗaya a kasuwa. To amma kada ku ji tausayinmu, wallahi mun sha daɗi. Mun hau bayan motar kanta a bisa buhunan masara muna waƙa tun daga Ƙafur har Bakori. An taɓa sallamarmu da rago mai faɗa, ya tunkuyi Jatau sau biyu kafin mu iso gida. In ka ratsa ƙauyukan nan da hantsi, za ka ji mata na daka da waƙarmu. Illa ɗaya ce: waƙoƙinmu arba'in da 'yan kai duk a cikin kan Nomau suke. Kallamu ya san amshi da wasu baituka, amma jerinsu daga farko zuwa ƙarshe sai mai su.

A shekararmu ta ashirin aka kira mu biki a Dayi. Bayan la'asar fili ya cika, Nomau ya ɗauko waƙar uban ango, mutumin ya miƙe yana taku da babbar rigarsa. Kwatsam sai Jatau ya ɗora hannu a kan kalangu, kiɗa ya mutu. A sana'armu babu abin kunya kamar yanke kiɗa ana tsakiyar wasa mai gida. Fili ya ɗauki ihu, uban ango ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba, ni kuwa na nufi Jatau da niyyar marinsa, ba zan ɓoye muku ba. Sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Manaja, yatsan Nomau ya makara sau uku. Shekara ashirin muna tare bai taɓa makara ba." Ni ban ji wata makara ba, babu kuma wanda ya ji a filin. Nomau ya buɗe baki zai yi masa faɗa, sai maganar ta fito a cakuɗe kamar ta mai cin ɗanwake da zafi. Jatau bai jira kowa ba. Ya goye shi, ya tare motar da aka tanada domin amarya, ya sauke ƙawayenta suna zaginsa, ya sa direba ya nufi babban asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da an bari an gama waƙar an watse, da sai dai a kawo gawa.

Bayan mako uku aka sallame shi. Rai ya tsira, amma hannun dama ya zama kamar tsumma, baki kuma ya rufe ruf. Mutanen gida suka shiga lallaɓa shi, wannan ya ce sannu, wancan ya ba shi kunu a baki. Tabawa ta zo ta ga haka, ta kori kowa daga zauren. Kullum da hantsi sai ta zo da kwanon wake gauraye da tsakuwa, ta murje masa hannun da man kaɗanya, ta ɗaure hannun hagu mai lafiya da ɗankwalinta, ta ce ya tsince mata waken da na dama. Yana fama tana tsokanarsa, wai dama can dangin babansa ragwaye ne, cutar ma ta san gidan da za ta samu wurin kwanciya. Matarsa ta yi kuka ta ce a tausaya masa, Tabawa ta ce tausayin ne zai kashe shi. Wata bakwai ta yi tana wannan jigila. An yi ta kiranta bukukuwa ita kaɗai, domin zabiya irinta ba ta rasa masu nema, ta ƙi zuwa ko ɗaya. Daga wake ta mayar da shi dawa, daga dawa ta mayar da shi gero, ranar da ya tsince gero kuwa ta ɗora masa gurmi a cinya. Ina wurin lokacin da yatsan ya ja tsirkiya ta yi ƙara. Sai da na fita waje na share hawaye.

Hannu ya tashi, amma baki shiru. Yana kaɗa gurmin ya kai daidai inda waƙa za ta shiga, sai ya sunkuyar da kai. Na fara tunanin waƙoƙinmu arba'in sun tafi ke nan, mai su yana zaune a gabanmu. Shi kuwa Kallamu, abin da yake taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa kuskure a waƙa ba. Ya kuma san halin Nomau, domin wanda ya riga shi amshi an kore shi ne saboda ya sauya wa baiti biyu wuri. Sai ga Kallamu ya fara zuwa ƙofar zauren da safe, lokacin da mutane ke wucewa kasuwa, ya zauna ya ɗaga murya yana rera waƙar manoma, wadda Nomau ya fi so duk cikin waƙoƙinsa, yana ɓata ta. Sai ya yi girbi kafin shuka, ya kai hatsi rumbu tun ruwan fari bai sauka ba. Mutane suka yi ta dariya, aka ce ashe dama Kallamu fanko ne, Nomau ke rufa masa asiri. Wata ƙungiya a Funtuwa da ta aiko tana nemansa ta janye. Ni kaina na ja shi gefe na wanke shi tas, washegari ya dawo ƙofar zauren ya ci gaba. Bai gaya wa kowa da gangan yake yi ba, don ya san in maganar ta kai kunnen Nomau ɓata waƙar ba zai ƙara yi masa zafi ba.

A rana ta goma sha tara, Kallamu yana cikin ɗaure dami a gonar da ba a shuka ba, sai muka ji wata murya a shaƙe daga cikin zaure.

"Kai, sakarai! Shuka tukuna!"

Sai gurmi ya ɗauka, Nomau ya rera baitin daidai, "Ruwa ya sauka, manomi ɗau iri," ya kuma zarce har ƙarshen waƙar. Kallamu na amshi yana kuka, Tabawa ta rangaɗa guɗar da aka jiyo har tasha, Jatau ya fito daga wanka da kumfa a kunne yana neman kalangunsa. Ranar mutane da yawa ba su kai kasuwa ba.

Muka ƙara shekara shida muna yawo, kuma in kun tambaye ni sun fi ashirin ɗin farko daɗi. Yanzu tsufa ya kama Nomau, ya ce ya gaji da hawa kanta, zai zauna ya koya wa magajinsa waƙoƙin baiti-baiti. Makon jiya ya kira ni ya miƙo mini gurmin a cikin jakarsa ta fata. A al'adarmu wanda aka bai wa gurmin shi ne shugaba, ko ya iya kaɗa shi ko bai iya ba, sunan ƙungiya da waƙoƙinta duk nasa ne. Ya ce in ba wanda ya dawo da shi fagen waƙa bayan ciwon nan. Na ce ya faɗi suna mana. Ya yi dariya har da tari ya ce, "Ai kai ne manaja." Ranar Juma'a ake sunan jikansa, kuma a nan ya ce in miƙa shi a gaban jama'a.

Tun daga ranar ban huta ba. In na tuna Jatau sai in ce magana ta ƙare, domin da bai ji abin da fili guda bai ji ba, bai kuma ɗauki zagin gari ba, da babu wanda za a murje wa hannu balle a tayar masa da baki. In na tuna Tabawa sai in sauya, domin aikin Jatau na sa'a guda ne, nata wata bakwai, kuma abin da ake rabon gurmi ne, wanda sai da hannu yake magana. In na tuna Kallamu sai in rasa ta cewa, domin shi ya zubar da sunan da ya yi shekara ashirin yana tarawa, a bakin hanyar kasuwa, ba tare da tabbacin zai yi amfani ba, kuma ba don shi ba da waƙoƙin sun mutu a cikin mutum mai rai. Su ukun babu wanda ya roƙe ni, sai dai kowa in mun haɗu idonsa na kan jakar.

To ga ku nan, kun ji komai, ban rage wa kowa ba ban ƙara wa kowa ba. Tsakanin wanda ya ceci ransa, da wadda ta tayar da hannunsa, da wanda ya buɗe bakinsa, wa zan miƙa wa gurmin nan ranar Juma'a?